Wata tara da kurfoti mai cikin yumɓu a rumfar ƙosaina ta Aboabo

Shekara goma sha huɗu ke nan ina sayar da koko da ƙosai a Aboabo, nan Kumasi, kuma duk tsawon wannan lokaci a kan kurfotin ƙarfe nake suya, irin wanda kowace mace a zango ta sani. Ƙarfe ne zalla, iska na shigar masa ta ko'ina, wutar ta tashi da ƙarfi ta cinye gawayin kafin hantsi. Na saba da shi har ban taɓa tunanin yana cutata ba. Sai bara da damina, da buhun gawayi ya yi tsadar da na fara ƙirga garwashi da ido, 'yata da ke karatu a jami'ar KNUST ta ce mini, "Mma, ki gwada mai yumɓun nan mana, ko na wata ɗaya ne." Na ce mata kakarta ta soya ƙosai shekara talatin ba ta san yumɓu a kurfoti ba. Ba ta yi gardama da ni ba. Ranar Asabar sai ga ta da shi a cikin aboboya, babur ɗin nan mai ƙafa uku na ɗaukar kaya.

Ga yadda yake ga wadda ba ta taɓa gani ba. Daga waje langa-langa ne baƙi, ƙugunsa a tsuke kamar kalangu. A sama an zaunar da wani kasko na gasasshen yumɓu mai kauri, gindinsa duk huji, a nan ake zuba gawayi. A ƙasa akwai 'yar ƙofa da ake buɗewa a rufe. Dabarar duka a wuri biyu take. Yumɓun yana riƙe zafi ya tura shi sama zuwa gindin kasko, maimakon ya watse ta gefe ya gasa miki ƙafafu. Ƙofar kuma ita ce linzamin wutar: ki buɗe, iska ta shiga, wuta ta tashi, ki rufe, ta kwanta tana ci a hankali.

Makon farko mun sha wuya da shi, gaskiya. Ƙarfe huɗu na asuba nake tashi, kuma na saba da in kunna wuta in ɗora mai nan take. Wannan sai ya sha fifita, don yumɓun mai sanyi sai ya ɗauki nasa zafin tukuna. Rana ta biyu masu fitowa daga sallar asuba suka tarar man bai yi zafi ba, wani dattijo da bai taɓa tsallake ƙosaina ba ya ce, "Hajiya, yau lafiya kuwa?" Na ba shi haƙuri na zuba masa koko ya fara da shi. Daga ranar na koma kunna wuta kafin in yi alwala.

Amma da ya ɗauki zafi, to nan ne na ga abin da ban taɓa gani ba. Mai suyar ƙosai ta san ciwon wutar da ba ta tsayawa wuri ɗaya. Ta yi yawa, bayan ƙosai ya yi baƙi cikinsa ɗanye. Ta yi ƙasa, ƙullun ya zauna ya sha mai kamar soso. A tsohon kurfotina rabin aikina gyaran wuta ne, in ƙara gawayi, in kwashe, in fifita. Yanzu in man ya kai inda nake so, sai in tura ƙofar ta rage faɗin yatsa biyu. Ina sakin ƙullu, ya nutse, ya taso, gefensa ya yi ja daidai, in juya. Kasko shida, bakwai a jere ban taɓa wutar ba. Man ma ya daina saurin ƙonewa, wanda ban sa shi a lissafi ba tun farko.

Lissafin gawayi kuwa na riƙe shi a littafin da nake rubuta bashi. Da, buhu uku ke kai ni wata a ɓangaren suya kaɗai. Yanzu biyu ne, wani lokaci har da ɗan saura a gindin buhu. Kafin wata na uku ya fita kurfotin ya biya kuɗinsa. In na tashi da hantsi kuma, sai in rufe ƙofar gaba ɗaya in kife tsohon faranti a kai, garwashin ya mutu da kansa, gobe in ɗora a kan sabo.

Buhu ɗayan nan da na rage, ina yawan tunaninsa. Mahaifina ɗan fatauci ne, ya sha bin hanyar arewa, kuma duk wanda ya bi ta Techiman zuwa Kintampo har Buipe ya ga buhunan gawayi jere a bakin titi suna jiran manyan motoci. A can ake sare itace a tara, a rufe da ciyawa da ƙasa, a sa wuta ta ci kwanaki. Kafin a sami kilo ɗaya na gawayi ta wannan hanya sai an ƙona itace ninkinsa biyar ko fiye. Har kaɗanya ba a bari, itacen da matan arewa ke samun man kaɗe da kuɗin makarantar yara daga gare shi. Hayaƙin can daji da hayaƙin nan rumfata duk sama ɗaya suke tafiya, su taru da na motoci da masana'antu su riƙe zafin rana. Ni ba masaniya ba ce, amma na san hunturun da na tashi a cikinsa, wanda leɓe ke tsagewa muna jin ɗumi da asuba, ya fi na yanzu tsawo, na kuma san zafin Fabrairu da Maris na 'yan shekarun nan.

'Yata ce ta nuna mini cewa wannan kurfoti yana cikin takardun gwamnati, abin da ya ba ni mamaki ƙwarai. Tun 2015, shekarar da ƙasashen duniya suka ƙulla yarjejeniyar sauyin yanayi a birnin Faris, Gana ta rubuta alkawarin yaɗa ingantattun murahu miliyan 2 zuwa 2030. A 2021 aka sabunta alkawarin, aka ce ƙasar za ta rage tan miliyan 64 na iskar da ke ɗumama duniya zuwa wannan shekara ta 2030. A 2023 kuma aka fito da wani tsarin makamashi da ya sa 2060 a matsayin lokacin da abin da ƙasa ke fitarwa zai yi daidai da abin da take shanyewa. Manyan lambobi ne, kaina ba ya ɗaukarsu. Abin da na iya ɗauka shi ne, a cikin miliyoyin nan akwai buhuna guda na kowane wata.

To sai maganar takarda, wadda ita ce ta tsaya mini a rai. Bayan wata biyu da saye, wani saurayi da wata budurwa suka zo rumfata da ma'aunin rataye. Yara masu ladabi, sai da suka gaishe ni suka jira na sallami masu saye. Kwana uku a jere suna auna gawayina da safe, su dawo su auna abin da ya rage. Suka duba lambar da aka buga a jikin kurfotin suka rubuta. Na tambaye su na mene ne, budurwar ta ce, "Hajiya, hayaƙin da kika rage ana ƙirga shi, ana sayar wa kamfanonin waje, da kuɗin ne ake rage muku farashi." Daga baya na ji cewa irin wannan ciniki har tsakanin gwamnatoci ana yinsa, don Gana ta sa hannu da Suwizalan a kai tun 2020. Ban ƙi ba. In da wani a Turai zai biya don kurfoti ya yi wa matan zango sauƙi, madalla. Abin da ya ɓata mini rai, takardar da 'yata ta sa wa hannu ranar saye, wadda ta miƙa musu haƙƙin wannan hayaƙi, da Turanci take, ƙananan baƙaƙe, kuma mai shagon bai yi mata bayanin komai ba. Da ni na je da kaina, da dangwala yatsa kawai zan yi. Mene ne wahalar a faɗa mana da Hausa ko da Tuwi nawa ake samu a kan kowane kurfoti, nawa kuma aka rage mana?

Aibinsa na jiki ma zan faɗa. Yana da nauyi, yarinyar da ke taya ni ba ta iya ɗaga shi ita kaɗai. Babbar tukunyar ruwan koko ba ta zama a kansa, don haka har yau kokona a murhun itace nake dama shi, idanuna na hawaye. Yumɓun kuma ba ya son ruwa. A wata na biyar yarinyar ta watsa ruwa don ta kashe wuta kamar yadda ta saba da na ƙarfe, muka ji ƙas, ya tsage daga baki zuwa tsakiya. Yana aiki har yanzu, amma na zaga shaguna uku neman kaskon canji ban samu ba, kowa sai ya ce in sayi sabo ɗungurungum. Wani mai walda a Suame Magazine, unguwar makanikai ta nan Kumasi, shi ya ɗaure mini shi da zoben ƙarfe. Kuma don Allah kada wata ta ga hayaƙinsa kaɗan ne ta shigar da shi ɗaki ta rufe ƙofa da sanyi. Gawayi gawayi ne, iskarsa mai kisa ba ta da wari.

Ana yawan ce mini me ya hana ni komawa gas, tunda shi gwamnati ta fi so, har ta sa burin rabin 'yan ƙasa su koma kansa zuwa 2030. Ƙidayar 2021 ta nuna gidajen da gas ne babban abin girkinsu sun kusa kashi 37 cikin 100, sauran mafi yawa itace ne da gawayi. Ina da ƙaramar tukunya mai kilo 6, kuma na san ya fi tsabta. Sai dai a gidan haya muke, iyali tara a tsakar gida ɗaya, kuma tun fashewar gidan sayar da gas na Atomic Junction a Akra a Oktoban 2017 tsohuwar mai gidanmu ta ce ba a kunna gas a barandarta. Wannan fashewar ce ta sa gwamnati ta ɗauko tsarin musanyar tukunya, ka kai fanko a ba ka cikakkiya wadda aka duba lafiyarta. Tsari ne mai kyau, amma gas kuɗinsa dunƙule ake biya, gawayi kuwa ko na sidi kaɗan za a ɗaura miki a leda. Masu sayar da gas ɗin da kansu sun daɗe suna kuka da harajin da ke kansa. Mai cinikin safe da ke cin ribar yau a yau, wannan bambancin shi ke yanke mata hukunci.

Ga mai suyar ƙosai, masa, awara ko kifi, ina cewa ki saya, ki ɗauki matsakaici ko babba, ki ƙwanƙwasa yumɓun da ɗan yatsa a shago ki ji yana ƙara garau, ki kuma sa a karanta miki takardar kafin ki sa hannu. Maƙwabciyata mai masa ta ari nawa ranar Juma'ar da ban fito ba, washegari ta aiko ɗanta tambayar inda aka saya. Ni yanzu abin da nake nema shi ne kurfotin da zai ɗauki tukunyar koko. Mai waldan Suame ya zo ya auna gindin tukunyar da igiya, ya ce in na samo mai ginin tukwane da zai gasa yumɓun, shi zai yi jikin.