Gargaɗi: ku yi hattara da mai tallar "ƙafafun hana sifika girgiza"

Assalamu alaikum jama'a, musamman mutanen Birnin Kebbi, Argungu da Jega. Akwai wani mutum da ke tallar wasu ƙananan ƙafafu da ake sa wa sifika da amfilifaya (na'urar da ke ƙara wa sauti ƙarfi), a Facebook da sitatus na WhatsApp. Ya ci min naira dubu 24, kuma na san mutum biyu a unguwarmu ta Badariya da ya yi musu irin haka. Don Allah duk wanda ya karanta ya tura wa ɗan'uwansa.

Ina da kayan sauti a falo, sifika biyu dogaye da wufa ɗaya (sifikar da ke fitar da bes, wato sauti mai kauri), muna sauraren karatu da labarai, yara kuma su kalli abin da za su kalla. Damuwar ita ce wufar tana jingine da sho-gilas ɗin uwargida. Da zarar bes ya buga, sai tangaran da kofuna su kama kaɗawa, murfin kwanon samira yana ƙyar-ƙyar-ƙyar kamar mai jin sanyi. Rannan faranti ɗaya cikin kayan jerenta ya zamo ya fashe, kuma na marigayiya mahaifiyarta ne. Ranar ban ji daɗi ba ko kaɗan. A cikin wannan hali na ci karo da bidiyon mutumin.

A bidiyon, ya ɗora kofin ruwa a kan sifika, ya kunna kiɗa, ruwan yana rawa. Sai ya sa ƙafafun nan guda huɗu masu ruwan zinare, ya sake kunnawa, ruwan ya tsaya cik. Ya ce daga Jamus ake kawo su, wai akwai maganaɗisu a ciki da ke shanye girgiza, yana kashe gurnanin amfilifaya, har ma yana ƙara wa sauti ƙarfi. Da na yi masa magana, bakinsa kamar zuma: "Ranka ya daɗe, saiti uku suka rage, wani Alhaji ma yana jira." Ya ce in tura kuɗi, ya sa a mota zuwa tasha. Sunan da ke kan asusun ba shi ne sunan da ke shafin ba. Na tambaya, ya ce na ƙaninsa ne. Nan ya kamata in tsaya, amma na tura.

Bayan kwana biyar direba ya miƙo min ƙullin leda. Na sa su kamar yadda ya ce, tangaran bai fasa rawa ba. Na kira shi, ya ce ai sai na sayi na amfilifaya su ma kafin su "haɗu su yi aiki", in ƙaro dubu 12. A nan jikina ya ba ni. Na kwashe su na kai wa wani dattijo mai gyaran rediyo a babbar kasuwa. Ya karce ɗaya da farce, fenti ya ɓare, baƙar roba mai tauri ta bayyana, da ramin kusa a tsakiya. Ya dube ni ya ce, "Malam, wanga ai robar tokare ƙohwa ta. Nawa kab biya?" Ya ɓanɓare gindin, sai ga guntun maganaɗisun matacciyar sifika an manna da gam.

Dattijon nan, Allah Ya saka masa da alheri, ya zaunar da ni a benci ya yi min bayanin da ya buɗe min ido, shi ne nake so kowa ya riƙe. Ƙafa ta gaskiya ba ta hana akwatin sifika motsi. Faifan da ke cikin wufa dole ya yi gaba da baya ya tura iska, kamar sau 20 zuwa 200 a daƙiƙa ɗaya, wannan shi ne bes ɗin, kuma akwatin yana ɗaukar wani abu daga motsin. Aikin ƙafa mai laushi shi ne ta rage abin da ke tsallakawa daga akwatin zuwa tebur ko daɓe. Ke nan kofin da aka ɗora a saman sifika ba zai daina rawa don an sa ƙafa a ƙasa ba. Mai tallar nan rage bes kawai ya yi a karo na biyu a bidiyon. Mu kuma da muke kallo a waya ba za mu gane ba, domin ƙaramar sifikar waya ba ta fitar da bes mai zurfi tun farko.

Batun gurnani kuwa ƙarya ce tsagwaronta. Wannan "zuuu" da kake ji ko babu abin da ke kunne, daga lantarki yake. Wutarmu a Najeriya tana kai-komo sau 50 a daƙiƙa, kuma idan wayar sauti ta lalace, ko ta kwanta kan wayar wuta, ko wayar ƙasa (wadda masu gyaran wuta ke kira "earth") ta samu matsala, ko janareto ba ya ba da wuta mai kyau, wannan ne ke shiga sifika. Ko ƙafar zinare ka sa ba za ta taɓa shi ba. Amfilifayar zamani ma girgiza ba ta cika damunta ba, ƙafafunta na asali amfaninsu iska ta ratsa ƙasa kada ta yi zafi. Masu jin girgiza sosai su ne garmaho mai allura da na'urar faifan CD, waɗanda kan yi tsalle.

Ba ina cewa duk ƙafafun da ake sayarwa na bogi ba ne. Akwai na ƙwarai, kamar waɗanda ake yi da wata roba mai suna Sorbothane a Amurka, kuma su ana rubuta nauyin da kowace ƙafa ke ɗauka, saboda dole robar ta ɗan lotsa a ƙarƙashin kaya. In ta yi tauri girgiza za ta wuce, in ta baje gaba ɗaya haka nan. Duk mai sayarwar da bai tambaye ka kilo nawa sifikarka take ba, ya ce saiti ɗaya ya yi wa kowa, ka kama kuɗinka. Akwai kuma masu tsinin ƙarfe, su aikinsu su huda kafet su kafe sifika a siminti kada ta yi lilo. A kan tayil karce shi za su yi, a kan teburin katako kuwa miƙa masa girgizar za su yi kai tsaye.

Gwajin da dattijon ya koya min ko sisi ba ya ci. Ka kunna abin da ke sa kayan kaɗawa, ka ninka tawul mai kauri ka sa ƙarƙashin wufar. In ƙarar ta ragu, ta daɓe ko tebur take bi. In ba ta ragu ba, ta iska take zuwa, ko kuma kusa ce ta kwance a jikin akwatin. Ni dai na janye wufar daga sho-gilas da kamar kamu biyu, na fitar da ita daga kusurwa, domin kusurwa tana kumbura bes, na yanka tsohon silifas mai kauri gida huɗu na sa mata, uwargida kuma ta shimfiɗa ƙyalle ƙarƙashin tangaran. Yanzu falo tsit sai abin da muka kunna. Sifikun dogaye ban sa musu komai mai laushi ba, muna da yaro mai rarrafe, kuma doguwar sifika a kan abin da ke lilo tana iya rikitowa a kansa.

Na kai ƙorafi bankina da rasit ɗin tura kuɗin da hotunan hirarmu, kuma mu ukun da abin ya shafa mun shirya kai takarda ofishin EFCC na Sakkwato. Shi kuwa mai tallar ya toshe lambata, ya sauya wa shafin suna, amma bidiyon bai sauya ba: kofin roba shuɗi, baƙar sifika a kan jan kafet, hannu da agogon azurfa. Shekaranjiya wani abokin aikina a Jega ya turo min shi yana tambaya ko ya saya, har ya riga ya karɓi lambar asusu, kuma sunan da ke kai daban yake da wanda aka ba ni.