Gargaɗi kan masu cewa za su "buɗe maka" talabijin ka yi kallo har abada

Jama'a, don Allah ku karanta wannan kafin ku miƙa wa wani rimot ɗin talabijin ɗinku, ko ku tura masa kuɗi don ya saka muku manhajar kallo. A gidan yayana abin ya faru, a kan idona, kuma har yanzu raina a ɓace yake.

Talla ya gani a wani zauren WhatsApp. Wai ka biya sau ɗaya, ka yi kallo har abada: Gasar Firimiya, Gasar Zakarun Turai, fina-finan Netflix, katun na yara, babu kuɗin wata. Yaya mutum ne mai son ƙwallo, yara kuma sun dame shi da maganar katun, sai ya tuntuɓi mai tallan. Mutumin akwai ladabi da daɗin baki. Da kuɗi suka shiga, ya kira ta bidiyo ya riƙa nuna masa inda zai danna. Ya sa shi ya shiga saiti ya ba talabijin izinin karɓar manhaja daga wajen Play Store, ya ba shi wani gajeren adireshi ya rubuta, fayil ya sauka. Sai talabijin ta nuna gargaɗi cewa manhajar tana iya cutarwa. Yaya ya tsaya. Mutumin ya ce, "Yallaɓai, kada wannan ya dame ka, Google ne ba ya son mutane su samu abu da sauƙi. Kashe Play Protect ɗin kawai mu ci gaba." Ya kashe Play Protect ɗin, wato mai gadin Google da ke tare manhajoji masu cutarwa.

Mako uku ana kallo lafiya lau, har Yaya ya fara ba abokansa lambar mutumin. Ranar wani babban wasa, hoto ya tsaya cak, sai da'ira tana ta juyawa a tsakiyar allo. Ya kira, aka ce sabar, wato kwamfutar da ke watso tashoshin, ake gyarawa, sai ya ƙara ɗan kuɗin sabuntawa. Ya ƙara. Kwana huɗu abin ya sake mutuwa, wannan karon kuwa an toshe shi a WhatsApp, lambar ma ba ta shiga.

Da a nan aka tsaya, da sai in ce kuɗi ne suka tafi, a yi haƙuri. Abin da ya tayar min da hankali shi ne datar gidan. Wadda ke kai su ƙarshen wata ta koma ƙarewa cikin kwana goma, alhali manhajar ma ta daina aiki, ba wanda ke kallon komai a cikinta. Na kwana a gidan, wajen ƙarfe biyu na dare na fito falo, kowa na barci, allon talabijin baƙi ƙirin, amma fitilar na'urar Wi-Fi tana ta ƙyaftawa babu ƙaƙƙautawa. Na taɓa bayan talabijin na ji ɗumi. Na zare ta daga soket, nan take fitilar ta lafa. Washegari da na duba jerin manhajojin da ke ciki, na tarar da guda biyu da ba wanda ya san da su, ba su da tambari, sunayensu wasu haruffa ne marasa ma'ana.

Ga abin da mutane da yawa ba su sani ba. Idan ka kashe talabijin ta zamani da rimot, sau da yawa allo ne kawai ya mutu, ita tana nan a haɗe da intanet. Kwamfuta ce sosai, kuma ba a cika zare ta daga wuta ba, shi ya sa 'yan damfara ke ƙaunarta. Manhajar da suka ba ka tana nuna maka ƙwallo a gaba, a bayan fage kuma tana yi musu aiki. Tana buɗe shafuka a ɓoye tana danna tallace-tallace don a biya su kuɗin talla na ƙarya. Mafi muni, tana mayar da intanet ɗin gidanka hanyar wucewa da suke ba wasu haya. Wanda zai yi kutse a asusun wani, ko ya buɗe asusun bogi, ko ya kai wa wani shafi hari, sai ya bi ta layinka, a ga kamar daga falonka aka yi. Wato sau biyu aka ci kasuwarka: ka biya su kuɗi, sannan sun sayar da layinka, da datar da kai ka saya.

Kada wani ya ce zato ne nawa. A shekarar 2023 kamfanin tsaro na HUMAN Security ya bankaɗo wata damfara da aka sa wa suna BADBOX, inda ake sayar da akwatunan talabijin masu araha da mugun abu a cikinsu tun daga masana'anta. A Disambar 2024 hukumar tsaron intanet ta Jamus, BSI, ta katse hanyar sadarwar na'urori kusan 30,000 da suka kamu a ƙasar. Abin bai mutu ba, ya dawo da sunan BADBOX 2.0, aka ƙirga na'urori sama da miliyan 1 a Maris 2025, Brazil ce kan gaba. A Yunin 2025 hukumar FBI ta Amurka ta fitar da sanarwar gargaɗi, a Yuli kuma Google ya shigar da ƙara a New York yana cewa na'urorin da abin ya shafa sun haura miliyan 10. Akwai kuma wani mugun abu mai suna Vo1d, wanda kamfanin Dr.Web ya ba da rahotonsa a Satumbar 2024, akwatuna kusan miliyan 1.3 a ƙasashe 197. A zagaye na biyu na BADBOX, ba daga masana'anta kaɗai abin ke zuwa ba, har ta manhajojin da mutum ke saukewa da hannunsa daga shagunan da ba na hukuma ba. Cikin alamomin da FBI ta lissafa kuwa akwai na'urar da ake tallatawa da cewa an "buɗe" ta don kallon kyauta, da kuma a ce ka kashe Play Protect. Kalma da kalma abin da aka faɗa wa Yaya ke nan.

Maganar "har abada" ma a tsaya a yi tunani. Tashoshin nan sato su ake yi, kuma sabar da ke watsa su tana iya mutuwa kowane lokaci. A Nuwambar 2024 'yan sandan Italiya tare da hukumomin Tarayyar Turai na Europol da Eurojust sun rushe wata cibiyar irin wannan da ke da masu kallo sama da miliyan 22. Duk wanda ya biya na har abada a wurinsu, ranar kallonsa ya ƙare, kuma ba shi da inda zai kai ƙara, tunda abin da ya saya haramtacce ne tun asali. Da wannan suka dogara. Sun san kunya ba za ta bar ka ka yi magana ba.

Wasu kuma ko wahalar ba ka manhaja ba sa yi. Fayil ɗin APK, wato wanda ake saka manhaja da shi, na Android ne, yana aiki a Android TV da Google TV da na'urorin Fire TV masu tsarin Fire OS. Talabijin ɗin Samsung na amfani da Tizen, na LG da webOS, APK ba ya hawa kansu. Idan wani ya karɓi kuɗinka don ya turo maka APK na Samsung ko LG, iska ya sayar maka.

Sannan ku kula da mai cewa zai zo gida ya saka da kansa. Asusunka na Google yana cikin talabijin. A 2024 an nuna cewa a wasu talabijin masu Android TV, wanda ya samu rimot yana iya saka Chrome ta bayan fage ya buɗe Gmail ɗin mai gida ba tare da an tambaye shi lambar sirri ba. Google ya ce ya toshe wannan kafar, amma talabijin nawa ne a gidaje ba a taɓa sabunta su ba? Haka nan idan manhajar ta buɗe shafi tana neman lambar katin banki "don tabbatarwa", ko ta ce ka shiga da imel da lambar sirrinka, rufe ta. Ba tabbatarwa ake yi ba, kwashewa ake yi.

Ban ce duk saka manhaja daga wajen shago damfara ba ne. Masu ƙirƙirar manhaja na yin haka kullum don gwaji, kuma wanda ya san abin da yake yi yana iya ɗauko fayil daga shafin asalin masu shi. Bambancin a fili yake: can ka san wanda ya yi manhajar, nan kuwa baƙo ne mai lambar waya kawai ya ba ka gajeren adireshin da ba ka san inda ya nufa ba, ya kuma ce ka kori mai gadi kafin ya shigo.

Idan ka riga ka faɗa, fara da cire talabijin daga Wi-Fi. Goge manhajar kaɗai ba ya isa, domin tana iya jawo wasu su zauna a ciki, kamar biyun nan da na gani. Mayar da talabijin yadda ta fito daga kamfani ta cikin saiti, ka kunna Play Protect, ka rufe izinin karɓar manhaja daga waje, ka sabunta tsarinta. Daga wayarka ka canza lambar sirrin Google da ta Wi-Fi, ka duba jerin na'urorin da ke cikin asusunka ka fitar da wadda ba ka sani ba. In ka taɓa rubuta lambar kati a ciki, kira bankinka a toshe katin yau, kada ka jira sai ka ga an cire wani abu. Idan kuma akwati ne mara sananniyar alama da aka sayar maka da manhajojin a ciki, gogewa ba lallai ta yi magani ba, saboda mugun abin na iya kasancewa cikin tsarin na'urar kanta. Yawancin irin waɗannan ba Android TV na gaskiya ba ne, ba su da shaidar Play Protect, ko da an buga tambarin Android a kwali. Zare shi ka daina amfani da shi, kuma don Allah kada ka ba wani kyauta.

Talabijin ɗin Yaya mun goge ta tas, data ta koma kai wata kamar da. Abokansa biyu da ya ba lambar mutumin sun riga sun biya, ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana ba su haƙuri, kuma wannan ya fi kuɗin yi masa ciwo. Jiya na sake ganin tallan a wani zauren, an canza suna, an canza lamba, amma hoton da kalaman su ne dai. Na sanar da masu kula da zauren sun cire shi, na kuma kai rahoton lambar ta cikin WhatsApp. In kun gan shi a naku zauren, ku yi haka, sannan ku tura wa duk wanda kuka san yana neman hanyar kallon ƙwallo wannan bayani.