Sharhi Kan Manhajar YouVersion: Karatun Littafi Mai Tsarki da Wanda Ba Ɗarikarku Ɗaya Ba

Yawancin masu sauke manhajar YouVersion a waya suna yin haka ne don su huta da ɗaukar babban littafi zuwa sujada. Wannan ma amfani ne, ban raina shi ba. Amma abin da ya sa na zauna rubuta wannan sharhi wani ɓangare ne da mutane da yawa ba su taɓa leƙawa ba, wato inda ake zaɓar tsarin karatu, a gayyato wasu a yi shi tare. A wurina, nan ne darajar manhajar take.

Ga wanda bai san ta ba, wata ikkilisiya ce mai suna Life.Church a jihar Oklahoma ta Amurka ta fito da ita a 2008, kuma zuwa 2021 an sauke ta sau miliyan 500. Kyauta ce, babu talla da zai faɗo maka tsakiyar Zabura. Tana da fassarori a harsuna sama da 1,000, har da Hausa. Kana iya sauke fassara ka karanta ko ba ka da data, wasu fassarorin suna da murya ga mai son sauraro, kuma kana iya jera aya ɗaya a fassarori daban-daban ka kwatanta. Duk waɗannan suna aiki yadda ya kamata, ba sai na tsaya a kansu ba.

Mu da muke karatun tare ba coci ɗaya muke zuwa ba. Akwai wata 'yar'uwa 'yar Katolika, akwai wani dattijo ɗan Baftis da duk muke kira Baba, akwai miji da mata 'yan Anglikan, ga wani saurayi ɗan Fentikostal mai zafin bishara, sai ni da wasu kaɗan. Ƙabilunmu daban, jam'iyyun da muke goyon baya ma daban. Da can muna da zaure a WhatsApp, amma lokacin zaɓe ya kusa tarwatsa shi. Kowa ya wayi gari sai ya jefo bidiyon da zai ƙona zuciyar ɗan'uwansa, a ƙarshe kuma ya rubuta "Allah ya sa mu gane". Baba da saurayin nan sun kai ga daina gaisawa.

Tsarin karatu na tare ya bambanta da zauren hira ta hanya guda mai sauƙi: kowace rana nassi ɗaya ne a gaban kowa. Ka karanta, ka ga waɗanda suka riga ka, sannan a ƙasa akwai wurin da za ka rubuta abin da ka gani a ciki. Maganar ba daga labaran ranar take tasowa ba, daga aya take tasowa. Mutum yana iya kawo siyasarsa idan ya ga dama, sai dai zai ji nauyin yin haka a ƙarƙashin addu'ar da Yesu ya yi a Yahaya 17, inda ya roƙi Uba mu zama ɗaya domin duniya ta gaskata.

Wata rana 'yar'uwarmu ta Katolika ta kawo wata magana daga littafin Sirak a kan yafe wa maƙwabci. Nan take saurayin ya rubuta cewa babu wannan a Littafi Mai Tsarki. Ba ta yi fushi ba. Ta ce masa, "Ƙanena, canza fassarar zuwa ta Katolika ka duba jerin littattafan." Ya duba, ya tarar da littattafai 73 a maimakon 66 da ya saba da su. Har yau bai yarda cewa Sirak hurarre ne ba, kuma ba wanda ya tilasta masa. Amma ya daina ganin kamar ƙirƙira ta yi, ya fahimci cewa abin da aka rene ta a kai ke nan tun tana yarinya. Ina ganin wannan babban alheri ne na manhajar, da ta ajiye fassarorin ɗarikoki a wuri ɗaya ba tare da ta ɓoye na wani ba.

Inda abin ya fi ratsa ni shi ne ranar da muka kai Ayyukan Manzanni sura 6. Na sha karanta wurin a matsayin labarin zaɓen masu hidima kawai. Baba ne ya ja hankalinmu cewa rikicin farko da aka rubuta a cikin ikkilisiyar Urushalima rikicin harshe ne da wariya. Yahudawa masu jin Helenanci sun yi gunaguni cewa ana tsallake matansu waɗanda mazansu suka mutu wajen rabon yau da kullum. Manzanni ba su ce musu su yi shiru don kada a ɓata sunan ikkilisiya ba. Sun tara jama'a, aka zaɓi mutum 7, kuma idan ka bi sunayen, daga Istifanas da Filibus har zuwa Nikolas mutumin Antakiya, duk na Helenanci ne. Baba ya rubuta cewa a fahimtarsa, waɗanda ake zargi da danniya sun ɗauki rabon sun danƙa a hannun masu kuka. Aya ta 7 kuma ta ce maganar Allah ta yi ta yaɗuwa, har firistoci da yawa suka ba da gaskiya. Saurayin ya amsa a ƙasa, "Baba, wannan ya shige ni." Ita ce magana ta farko da ya yi masa kai tsaye tun bayan zaɓe.

Manhajar tana da wurin rubuta roƙon addu'a, abokanka su gani su nuna sun yi maka. Bayan wani lokaci Baba ya sa cewa an kwantar da matarsa, Mama, a asibiti, ana neman jini. Mu duka mun latsa cewa mun yi addu'a. Saurayin shi kuwa ya tashi ya tafi, aka gwada, jininsu ya zo ɗaya, ya bayar, ya kwana a kan benci a bakin ɗakin. Da na je duba ta washegari, na tarar da shi yana riƙe mata kofin ruwa, hannunsa ɗaya da auduga manne. Matar da ke gadon kusa, wadda ba Kirista ba ce, ta ji harshensu ba ɗaya ba, sai ta tambayi Baba ko surukinsa ne. Ya ce a'a, ɗan'uwansa ne cikin Ubangiji. Ta yi shiru tana kallonsu, can ta ce, "Allah ya bar zumunci."

Ban ce matar ta tuba ba, ba kuma don haka aka yi ba. Amma tambayar da ta yi tsohuwar tambaya ce. Wajen shekara ta 197, wani marubuci Kirista mai suna Tartuliyan na birnin Kartaj ya rubuta cewa waɗanda ba masu bi ba suna nuna Kirista suna mamakin yadda suke ƙaunar juna. A 362 kuma, Sarkin Roma Yuliyan, wanda ya juya wa bangaskiya baya yana neman farfaɗo da bautar gumaka, ya koka a wata wasiƙa cewa Kirista suna ciyar da matalautansu har da na arna. Maƙiyi ne ya ba da wannan shaida. Ina yawan tunanin wace shaida maƙwabtanmu za su bayar a kanmu yau, bayan sun karanta abin da muke rubuta wa juna a Facebook.

Akwai abin da manhaja ba za ta iya ba, kuma gara mai saukewa ya sani. Latsa alamar addu'a yana da sauƙi ƙwarai, har zuciya takan ji kamar ta sauke nauyi alhali ƙafa ba ta taka ko'ina ba. Tana ƙirga maka kwanakin da ka jera kana buɗe ta, wannan yana ƙarfafa wasu, amma na ga wanda ya mai da lissafin abin fahariya. Tana kuma bari ka ɗora aya a kan hoto mai kyau ka tura, kuma na ga masu zaɓar ayar da za ta soki wani su manna ta inda zai gani. Wannan laifinmu ne, ba na kayan aikin ba. Sannan tsofaffinmu da ba su iya waya ba, idan ba a kula ba sai a bar su a baya, su da suka fi mu sanin yadda ake haƙuri da mutane. Tsare-tsaren karatu ma sun fi yawa da Turanci nesa ba kusa ba, ina roƙon fastocinmu da malamanmu masu alƙalami su tashi su rubuta mana da harshenmu.

Ba kowa ne ya zauna ba. Wani ɗan'uwa ya fita ranar da muka karanta Romawa 14, ya ce ba zai iya zama da masu yi wa jarirai baftisma ba. Mun kira shi, mun je gidansa, ya karɓe mu da mutunci amma bai dawo ba. Abin yana damuna har yanzu, kuma sunansa yana nan a jerin addu'armu.

Duk da haka ina ba da shawarar manhajar da zuciya ɗaya, musamman ɓangaren karatun tare. Idan za ka fara, kada ka gayyaci 'yan ƙungiyar mawaƙanku kaɗai. Nemi wanda ɗarikarku ta bambanta, da wanda ka san bai zaɓi ɗan takararka ba, ku kasance kaɗan yadda kowa zai san muryar kowa. Ku ɗauki gajeren tsari, kamar Yahaya 13 zuwa 17 ko wasiƙar Afisawa, ku kuma sa ranar da za ku haɗu ido da ido kafin ku gama. Makon addu'a domin haɗin kan Kirista, wanda ya samo asali tun 1908 kuma ake yi daga 18 zuwa 25 ga Janairu, lokaci ne mai kyau na tura gayyatar farko.