Wata huɗu ina zuwa gashin gwiwar hannu a Kaduna

Da likitar jini ta rubuta mini takarda ta ce in je sashen gashi, dariya na yi. Gashin da na sani na Inna ne: ruwan zafi, tsumma, man zafi, a danna har ka yi ƙara. Shi ne kuma ya taimaka wajen lalata mini hannu. Ina da hemofiliya nau'in A, wato jinina ba shi da isasshen sinadarin daskarewa da ake kira fakta 8. Tun ina firamare gwiwar hannuna ta dama ke tara jini, duk sanda ta kumbura a ce targaɗe ne, a kai ni wurin mai ɗori.

Yanzu shekarata 27, ina ɗinki a Tudun Wada. Hannun ba ya miƙewa, tafin kuma ba ya juyowa sama. In zan karɓi canji a Keke sai da hagu, direba ya bi ni da harara kamar marar tarbiyya. Addu'a ma hannu ɗaya a buɗe, ɗaya a karkace.

Ranar farko mai gashin bai ko kama hannun ba sai da ya tambaya: "Malam, yaushe aka yi maka allurar fakta?" Nan hankalina ya kwanta, na san na zo wurin wanda ya san ciwon. Ya ɗauko wata rula mai gaɓa ya auna, ya ce saura digiri 40 hannun ya miƙe. Sannan ya zana mini a bayan katina. Duk jinin da ya kwanta a gaɓa yana barin sinadarin ƙarfe, tantanin ciki ya yi kauri, ya ƙara saurin fashewa, guringuntsi ya yi ta zaizayewa. Gaɓar da ta zubar sau 3 cikin wata 6, in ji shi, ta zama wurin da ciwon ya yi gida. Kan ƙashin da ke juya tafi kuma ya girma ya tokare. "Ba zan yi maka ƙarya ba," ya ce, "abin da ƙashi ya tare ba ja ne zai buɗe shi ba. Naman da ya ɗaure shi za mu lallaɓa."

Lallaɓawar kuwa har da ban haushi. Makonni biyun farko tura tafinsa kawai nake yi ba tare da gwiwar ta motsa ba, in ƙirga biyar in saki. Na ce a raina, wannan ne na bar shago dominsa? Daga baya aka koma zame hannu a kan tebur da tawul, sai riƙe muciya ina juya ta dama da hagu a hankali, sai jan roba. Ya koya mini in na ji ɗumi da wani zir-zir a ciki in tsaya nan take, in sa ƙanƙara a naɗe cikin tsumma kamar minti 15, in ɗaga hannun, in nemi allura. Ya kuma raba ni da asfirin da ibufurofen da dikulofenak ɗin da nake saya a kemis, ya ce suna ƙara zubar jini. Farasitamol kawai, sai abin da likita ta rubuta.

Inda suka ɓata mini rai a mako na shida ne. Ogan bai zo ba, aka haɗa ni da wani ɗalibi da bai karanta fayil ba. Ya kama hannun ya ja kamar yana gyara ƙafar ɗan ƙwallo. Na ce masa a'a, ya ce in yi haƙuri, maza ne. Kafin magariba gwiwar ta yi suntum. Ga fakta ba ta samu ba a makon, domin mafi yawan wadda muke samu gudummawa ce daga waje, in ta yanke ta yanke. Mako uku na yi hannu a rataye, ga ɗinkin biki na mutane. Ogan ya ba ni haƙuri, ya rubuta gargaɗi da jan biro a bangon fayil ɗin. Layi ma akwai shi: ka zo ƙarfe takwas, a gan ka sha ɗaya, tare da masu shanyewar ɓarin jiki da masu ciwon baya.

Awon ƙarshe ya nuna digiri 28. Ba a miƙe yake ba, kuma tafin ya ɗan juyo ne kawai. Amma ban da ɓarnar ɗalibin nan, bai sake tara jini ba, ina kuma iya yanka shadda na awa guda ba tare da na ajiye almakashi ba. In maki ne, bakwai cikin goma.

Ɗan Yaya Babba mai shekara shida shi ma yana da ciwon, gwiwar hannunsa ta kumbura sau biyu tun bayan sallah. Na hana a kai shi ɗori. Ranar Talata tare za mu je, na riga na karɓar masa kati.