DxO PureRAW ko Denoise na Lightroom: wanne ya dace da hotunan bikin dare?

Ɗan'uwa, ka ce kana ɗaukar hotunan dina a ISO 6400, wato saitin kyamara mai ƙara wa hoto haske a cikin duhu, ɗige-ɗige kuma suna cika su kamar an watsa yashi, shi ne kake tambaya ko ka sayi PureRAW, manhajar share ɗige-ɗige, ko ka tsaya kan Denoise, mai yin wannan aikin a cikin manhajar gyaran hoto ta Lightroom.

Da farko, dukansu biyun a kan ɗanyen fayil na RAW suke aiki, wato kafin a haɗa ja da kore da shuɗin da kyamara ta ɗauka su zama cikakken hoto. Saboda haka a fara da su kafin ƙara kaifi ko goge wani abu a hoton, domin duk wanda ya ƙara kaifi tukuna, ɗige-ɗigen ya ƙara wa ƙarfi.

PureRAW na kamfanin DxO ne na ƙasar Faransa, kuma ya fito a 2021. Fifikonsa shi ne ba share ɗige-ɗige kaɗai yake yi ba, yana kuma gyara lanƙwasa da duhun kusurwoyi da laushin gefe bisa gwajin da kamfanin ya yi wa kyamararka da gilashinta (lens). A ganina ya fi riƙe zaren leshi da aikin wuyan babbar riga a wurin da haske ya yi ƙaranci, wanda kuwa shi ne abin da iyalan amarya ke fara dubawa. Sai dai yana fitar da sabon fayil na DNG, wani nau'in fayil ɗin hoto, wanda kan fi na asali girma, don haka mai hotuna 800 daga biki ɗaya zai ga ma'ajiyarsa ta cika da wuri. Kuɗinsa kuma daban ne.

Adobe, kamfanin da ke yin Lightroom, ya sa Denoise a cikinta a watan Afrilun 2023. Yana cikin kuɗin Lightroom da kake biya, ba ka barin manhajar, kuma tun 2025 ya daina tilasta ƙirƙirar DNG na biyu. Matsalarsa ita ce yana jingina sosai da katin girafik, ɓangaren kwamfuta mai sarrafa hoto, ta yadda tsohuwar kwamfuta kan ɗauki mintuna a kan hoto guda.

Inda nake so ka fi lura shi ne fatar mutane. Ma'aunin ƙarfin Denoise yana farawa a 50, amma ni nakan sauke shi zuwa 30 ko 35, domin idan ya yi yawa fuska kan koma sumul kamar roba, kuma ɗan ɗige kaɗan ya fi wannan mutunci.

Tunda kana da Lightroom, ka zaɓi hotuna 10 mafi duhu, ka sauke PureRAW na gwaji, ka jera sakamakon biyun a girman kashi 100, ka dubi ido da gashin gira da zaren tufafi. Idan sai ka ƙura ido kafin ka ga bambancin, ka riƙe kuɗinka ka sayi filasha mai kyau.