Otomatik ta gargajiya da mai kuloci biyu: yadda na same su a titunan Kano

Mai zuwa sayen mota wajen dila tambaya ɗaya yakan yi game da giya: otomatik ce ko manuwal? Da an ce masa otomatik, sai ya koma duba fenti da sanyin esi. Alhali motoci biyu za su iya ɗaukar sandar giya iri ɗaya, da P da R da N da D, amma abin da ke ƙarƙashin sandar ya sha bamban. Na riƙe Camry ta 2010 mai otomatik ta gargajiya tsawon lokaci, daga baya na ƙara da wata ƙaramar 'yar Beljiyam mai giya bakwai da kuloci biyu, irin wadda ake rubuta wa DCT. Duk biyun na tuƙa su a cikin gari da kan hanya, da zafi da damina.

A ta gargajiya, tsakanin inji da giyabos akwai wata tukunyar ƙarfe cike da mai, wadda makanikai ke ce wa konbata. Kamar ka kunna fanka ka ajiye wata a gabanta ne, iskar ta farko ta juya ta biyu, sai dai a nan mai ne ke aikin iska. Idan ka taka birki ka tsaya, man ne kawai ke kai kawo a ciki, babu ƙarfen da ke gogar ɗan'uwansa. Shi ya sa da ka ɗaga ƙafa daga birki motar ke silalewa a hankali ba tare da gargada ba.

Mai kuloci biyu kuwa asalinta manuwal ce, kwamfuta ke taka maka kulocin. Kuloci ɗaya yana riƙe da giya ta 1 da 3 da 5 da 7, ɗayan yana riƙe da 2 da 4 da 6. Kana cikin ta uku, ta huɗu ta riga ta shiga tana jira, sai wannan kuloci ya saki, wancan ya kama. Porsche ya gwada wannan dabara a motocin tsere tun shekarun 1980, Volkswagen kuma ya kawo ta kasuwa a 2003 cikin Golf R32 da sunan DSG.

A kan hanyar Zariya ne na san daɗin sabuwar motar. Ka zo bayan tirela, ka ga gaba babu kowa, ka taka totur: kafin ka ankara ta sauke giya biyu ta wuce. Ba ka jin wannan ɗan numfashin da Camry ke ja kafin ta amsa. Canjin giyarta sai dai ka gani a allurar inji, jikinka ba ya jin komai. Ga kuma mai. Tun da aka cire tallafi a watan Mayun 2023 kowa ya koyi kallon allurar tanki, kuma a doguwar tafiya ƙaramar tana rage mini kashe kuɗi sosai, ko da yake wani ɓangare na wannan daga ƙanƙantar injinta ne. Duk wanda ya ce mai kuloci biyu ba ta da daɗin tuƙi, bai hau da ita buɗaɗɗiyar hanya ba.

Matsalar ita ce yawancin tuƙina a Kurna da Rijiyar Lemo da bakin Kantin Kwari yake, inda mota ke tafiya taku biyu ta tsaya. A irin wannan cunkoso, duk lokacin da ka ɗan saki birki ka bar ta tana jan ciki, kulocin yana rabin kamawa ne, yana goguwa. Tawa busasshen kuloci gare ta, babu mai da ke sanyaya shi. A watan Afrilu, da rana ta haura digiri 40, sai ta fara karkarwa idan za ta tashi daga giya ta ɗaya zuwa ta biyu. Wata rana da yamma har saƙo ya fito a allo cewa giya ta yi zafi, in samu wuri in tsaya. Na tsaya gefen titi da iyali a ciki har ta huce. Camry ta sha shiga gosulon da ya fi wannan muni, ban taɓa jin ta canza hali ba.

Shawarar da ake bayarwa ita ce ka danne birki sosai, ka bari fili ya buɗe a gabanka, sannan ka matsa gaba ɗaya. Shawara ce mai kyau, amma a Kano da ka bar tazarar mota ɗaya, A Daidaita Sahu uku sun cike ta, na bayanka kuma ya ɗora hannu a kan hon. Haka abin yake wajen shiga lungu mai yashi, ko hawa gangaren ƙofar gida da baya: ta gargajiya tana bin ƙafarka sannu sannu, ita kuwa sai ta yi jim, sannan ta zabura.

Wannan ba halin mota ɗaya ba ne. A 2013 Volkswagen ya janye motoci fiye da 380,000 a ƙasar Sin saboda giyar DSG. Giyar PowerShift mai kuloci biyu ta Ford Focus ta 2012 zuwa 2016 ta jawo ƙararraki a Amurka, kuma a 2018 kotu a Ostireliya ta ci tarar Ford dalar ƙasar miliyan 10 kan yadda ya bi da koken masu motocin. Irin waɗannan Focus ɗin suna nan jibge a wajen dilolinmu, da farashi mai jan hankali. Amma kada a yi musu kuɗin goro. Akwai mai kuloci biyu da kulocinta ke jiƙe cikin mai, kamar DSG mai giya shida, kuma ta fi jure zafi nesa ba kusa ba, in dai ana canza mata mai duk kilomita 60,000 da irin man da aka rubuta mata.

Gyara shi ne inda na fi jin bambancin a aljihu da zuciya. Giyabos ɗin Camry, ka shiga Kofar Ruwa ka zaɓa, kuma kusan kowane gareji akwai wanda ya san cikinsa. Da na kai ƙaramar wajen makanikena, dattijo ne mai gaskiya, sai ya ce, "Alhaji, wannan ba aikina ba ne. Ko an sa sabon kuloci sai an jona ta da kwamfuta an koya mata inda zai kama. Kada ka bari kowa ya zuba mata man giya na jarka." Na ji daɗin da ya faɗa mini haka, domin wani da karɓa zai yi ya koyi aiki a kanta. Kayan sai da aka aiko daga Ladipo a Legas, motar kuma ta yi zaman jira.

Abin da ya ƙara tsayar da ra'ayina shi ne ta gargajiya ba ta tsaya inda take ba. Na yanzu masu giya takwas suna kulle konbata da wuri, wato inji ya riƙa juya giyabos kai tsaye ba ta hanyar mai ba, don haka gibin shan mai ya ragu ƙwarai. BMW da kansa ya daina sa mai kuloci biyu a motarsa M5 a 2017, sannan a M3 a 2020, ya koma giyar kamfanin ZF mai konbata.

Ga mai zirga-zirga tsakanin Kano da Kaduna da Abuja, wanda yake da ƙwararren makanike mai kwamfuta, ba zan hana shi mai kuloci biyu ba, musamman jiƙaƙƙiya. Mai kai yara makaranta ya wuce kasuwa kullum, ko mai mota ɗaya tilo, ta gargajiya nake ba shi shawara ba tare da wata-wata ba. In kuma mai kuloci biyu ta riga ta shiga ranka, ka tambayi dila busasshen kuloci ne ko jiƙaƙƙe, ka duba lambar giyar da kanka. Kada gwajin ya tsaya a zagaye ɗaya da sassafe. Ka ja ta da azahar cikin cunkoso har ta ɗau zafi, ka tsaya a kan gangare ka saki birki, ka kuma gwada ribas a hankali.