Mangwaro, lemu ko fiya: wane dashe ya dace da filinka a Kumasi?

'Yan'uwa da dama daga Aboabo da Asawase sun mallaki filaye a bayan gari, suna son mai da su lambu. Kafin ka ba mai sayar da dashe kuɗinka, tambaya ta farko ita ce: ɗan aure ne ko na ƙwallo?

Na ƙwallo ya fi araha, amma mangwaron da aka shuka daga ƙwallo yakan kai shekara 5 zuwa 8 bai yi 'ya'ya ba, kuma ba lallai ya gaji zaƙin uwarsa ba. Ɗan aure kuwa, reshen itace mai kyau ne aka haɗa da gindin wani, cikin shekara 3 ko 4 sai ka fara tsinka. Dabarar ta daɗe, manoman Sin da Rumawa sun yi aiki da ita fiye da shekara 2,000 da suka wuce. Ni dai ban ga dalilin sayen na ƙwallo ba, sai idan inuwa kawai kake nema.

Sai batun ruwa, wanda a nan ne mutane suka fi yin asara. Mangwaro asalinsa daga yankin Indiya ne, kuma yana son rani ya bushe sosai lokacin da yake fure. Shi ya sa manyan lambunan Keitt da Kent, irin da aka samo daga Florida ta Amurka, suke wajen Somanya, Dodowa da Kintampo. A Kumasi damina biyu muke yi, laima na sa furen ya zube, 'ya'yan su yi baƙin tabo, sai ka yi ta feshi. Lemun zaƙi, musamman Late Valencia, ya fi jin daɗin ƙasar Asante, ga kasuwarsa kullum a Kejetia. Fiya ma tana yi, muddin ruwa ba ya kwanciya a filin, don saiwarta saurin ruɓewa gare ta.

Dabino kam, duk da ƙaunar da muke masa, a haƙura. Itacen hamada ne, laimar nan ba ta barin 'ya'yansa su nuna.

Wajen saye, duba mahaɗin auren ya warke tas, ganye ba rawaya, saiwa ba ta nannaɗe cikin leda ba. Ka nemi shawarar malaman gona ko cibiyar binciken amfanin gona da ke Fumesua, ka kuma jira ruwan Afrilu ya zauna kafin ka dasa.